Gurbi Uku

Ni ne Eusebio Llancafil.
Shekarata talatin da ɗaya a gidan man nan,
bakin titin da ya tsaga Patagoniya biyu,
inda iska ba ta san ranar Lahadi ba.

Allon farashinmu na bisa ƙarfe, tsayin mutum uku.
Lambobinsa na roba ne, baƙaƙe wuluk,
suna kwana cikin tsohon gwangwanin biskit
ƙarƙashin teburin da nake shan shayin mate.

A da, shekara kan zagayo ban taɓa tsani ba.
Tsuntsuwa ta taɓa yin sheƙa bayan lamba huɗu,
ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka yi fiffike suka tafi,
huɗu na nan inda na bar ta.

Yanzu waya ke kuka da tsakar dare.
Herminia ce, mai gidan man, daga birni:
"Eusebio, ƙara sha biyu."
Babu gaisuwa. Ban ga laifinta ba,
ita ma wani ne ya tashe ta.

In zura riga kan riga, in jingina tsani,
in hau da lamba a baki
kamar kyanwa mai sauya wa ɗanta makwanci.

Tara ce ta fara guduwa.
Wani daren Yuli, sanyi ya kashe mini yatsu,
iska ta fizge ta, ta yi gabas da ita.
Wataƙila tana can cikin garken wani,
tumaki na shinshinar ta.
Tun ranar shida ke aikin mutum biyu,
in juya ta ƙafa sama, ta amsa sunan tara.
Ba wanda ya lura sai matata Nélida.
Ta ce, "Ai haka aka yi da mu duka,
an kifa mu, an ce mu ci gaba da aiki."

Direbobi kan sassauta tun daga gangare,
su ɗaga kai, leɓɓa na motsi.
Baƙo zai ce addu'a suke. Lissafi ne.
Aurelio Painemal, mai motar ɗaukar ulu,
wanda a da kan daki ƙofa ya ce, "Cika ta!"
yanzu takardu yake miƙowa a dunƙule,
ya ce, "Na wannan."
Yana kallona kamar ni na haifi lambar,
ni da keke ne abin hawana.

Daren Talata wayar ta ce dubu da ashirin.
Na hau, na sa sifiri, na sa biyu, na sa sifiri,
sannan na tsaya, hannu a sama.
Gurbi uku allon ke da shi.
Wanda ya ƙera shi ya mutu da kyakkyawan zato.

Da safe jikata Ayelén ta yage kwalin taliya,
ta zana ɗaya da alƙalamin makaranta,
har da ɗan takalmi a ƙasanta.
Na ɗaure ta gefen allo da wayar shinge,
tana lilo a waje
kamar baƙon da ya iske kujeru sun ƙare.

Wani lokaci iska kan lanƙwasa ta baya,
allon ya ce ashirin.
Sai ka ji birki.
Na ga fuskar Aurelio a irin wannan lokaci,
tsawon numfashi guda ya koma saurayi,
gashinsa har ya so yin baƙi.
Sai iska ta saki kwalin.

An ce wata mai zuwa za a kawo allon lantarki,
jajayen lambobi masu haske,
daga birni za a riƙa sauya su da yatsa ɗaya.
Gwiwoyina sun yi murna, ban hana su ba.
Yaron da ya zo awo ya ce gurbi biyar gare shi.
Na ce, "Biyar? Na me?"
Ya naɗe igiyar awonsa, ya tambayi hanyar banɗaki.

Gwangwanin zan kai gida.
Ayelén ta fara koyon tarawa,
kuma ta riga ta san sirrin shida.